Takardar Fushinki Ta Zo ta Ɗaya a Holan

Abbare, Jalingo,
Talata, 6 ga Satumba, 1994.

Mabel, sanyin idona, inuwar baure a tsakiyar watan Maris, ruwan sabuwar randa ga wanda ya kwaso rana tun daga Lau a ƙafa,

Na dawo! Jiya da la'asar na sauka a tasha, bayan kwana uku daga Kano saboda rashin man nan da ya ɗaure ƙasa. Mun tura mota a Gombe, mun sake turawa a Numan, amma wallahi zuciyata ba ta gaji ba, don ta riga jikina isowa unguwarku Nukkai tun jirgi bai tashi daga Holan ba. Ƙafata ta so ta wuce gada kai tsaye zuwa ƙofar gidanku, ni na hana ta. Da wace fuska zan yi sallama? Shi ya sa na roƙi Hajja maƙwabciyarku, da ta shigo kasuwa yau, ta miƙa miki wannan a hannu. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce na yi fari kamar rogo, sannan ta karɓa. Ki karanta har ƙarshe, ina roƙonki, ko da daga baya za ki hura wuta da ita.

Ina da albishir, amma dole in fara da laifina, don albishir ɗin daga cikinsa ya fito.

Kin tuna watan Fabrairu. Ni ban manta ko minti ɗaya ba. Muka zo unguwarku da injin haƙa rijiyar burtsatse, ni da ogana Injiniya Elias, mai unguwa yana nan, matan zumuntar coci suna nan, babanki Malam Job yana tsaye da hularsa a hannu. Muka kafa alama a kan tudu bayan makarantar da kike koyarwa. Kika fito daga aji da alli a yatsunki, kika ce mana a hankali, cikin ladabi, nan fa dutse ne, ruwa yana can cikin yashin kogin Lamurde, a kwanar da kogi ya lanƙwasa, inda ke da Mama kuke tono kowace rani don lambunku. Ni kuwa, ɗan ƙaramin injiniya mai sabon takalmi, ina son oga ya ga na isa, sai na ce: "Malama, ki koma aji. Wannan aikin waɗanda suka karanta ruwa ne." Malama! Kamar ban taɓa zama a kan bencin ƙofar gidanku ba. Kamar ba shekara biyu na yi ina shan kunun gyaɗarki ina rantsuwa babu irinsa a duk ƙasar Muri ba. Magana zarar bunu ce, ina gama faɗa na so in mayar da ita, ta riga ta fita. Kin dube ni sau ɗaya, kin juya, kin koma wurin yaranki.

Kwana tara injin nan yana kuka a kan tudu. Abin da ya fito ƙura ce da garin dutse, ko danshin da zai jiƙa lalle ba mu gani ba. Muka naɗe kayanmu muka tafi, matan unguwa suna ɗauke da bokiti zuwa kogi suna yi mana sannu da aiki. Tun ranar gaisuwarki ta zama irin ta baƙi, maganar da muka yi cewa Kawu Simeon zai zo nema mini aurenki wurin babanki bayan Ista ta tsaya cak. Na rubuto sau huɗu. Amsa ɗaya na samu, kuma babu gaisuwa a cikinta, babu sunana. Jerin shekaru ne goma sha biyu da rubutunki mai kyau na malamai, kowace shekara da zurfin da kika tona a wannan kwana, a ƙarshen Maris, kafin ruwa ya tsattsafo. Shekarar da aka canja kuɗi, sai da rami ya shanye ki gaba ɗaya. Shekarar da Mama ta yi jinya, kafaɗa. Shekarar babbar ambaliya, ranin da ya biyo baya gwiwa kawai. Shekarar da aka ba mu jiha, ƙugu. A ƙasa kika sa layi ɗaya: "Tunda ba ka jin magana sai ta takarda, ga takarda." Na ji zafinta, ba zan ɓoye ba. Amma rubutunki ne, don haka na ninke ta na sa a jakata tare da hotonmu na Kirsimeti, ta bi ni har ƙasar Holan, inda ofis ya tura ni kwas.

Mabel, da kin ga ƙasar nan! Mutanen da suka tura teku baya suka zauna a wurinsa, suna noma ƙasa da ruwa kamar ba komai ba. Ka tsaya a kan titi, jirgin ruwa ya wuce sama da kanka. Rana ba ta faɗuwa sai ta ga dama, kowa a kan keke har tsofaffi masu furfura, abinci kuwa burodi da cuku safe da rana, har na fara mafarkin miyar karkashi da busasshen kifi. Kwas ɗinmu na sati shida ne, a kan yadda ake tattalin ruwa da rabonsa, mu ashirin da huɗu daga ƙasashe daban-daban, kowa da digirinsa. Na koyi abubuwa har kaina ya yi nauyi. A sati na biyu malamarmu, wata tsohuwar farfesa mai farar gira, ta zana kogi a allo, ta ce kogin da ya ƙafe a sama bai mutu ba, yana tafiya a ƙarƙashin yashi, kuma inda dutse ya taso a ƙasa nan ruwan yake taruwa. 'Yan aji suna ta rubutu. Ni na ajiye biro, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na haye sahara da teku don a faɗa mini da Turanci abin da kika faɗa mini kyauta a bayan makarantarku.

Sai ga sati na biyar. Aka ce kowa zai kawo matsalar ruwan garinsu da awon shekara goma aƙalla, ya tsara mafita, ya kare ta a gaban malamai, kuma wanda ba shi da awo ba shi da takardar shaida. Ɗan Indiya ya fito da littafi mai kauri kamar bulo. 'Yar Masar tana da awon koginsu tun kafin a haifi kakanta. Ni fa? Jiha ce mai shekara uku, ba mu taɓa kafa ko sandar awo a Lamurde ba. Na ga kaina ina dawowa hannu rabbana, ina wucewa ta gaban waɗanda suka ce dama bai kamata a tura ni ba, ina wucewa ta gabanki. Ranar Lahadi da safe na buɗe jaka neman hotonki don in samu abin da zai riƙe ni, takardarki ta faɗo a kan gado. Na karanta ta kamar yadda na saba, don in ji zafi. A karo na biyu na karanta ta kamar injiniya, sai na miƙe tsaye. Shekara goma sha biyu, wuri ɗaya, wata ɗaya, ma'auni ɗaya! Abin nema ya samu.

Saura in mayar da gwiwa da ƙugu su zama lamba. Ki yi dariya in kin so, ni ma na yi. Na san tsawona, kuma a hoton nan muna tsaye kafaɗa da kafaɗa a gaban coci, kanki daidai aljihun rigata. Na ɗora rula a kan hoton na auna ki, ƙaunata, tun daga takalmi har ɗankwali, ina neman gafararki a zuciya. Na cire tsawon ɗankwalin, don ranar kin kafa shi kamar za ki taɓo gajimare. Na zana layin shekarun nan a takarda, na je laburarensu na nemo lissafin ruwan saman yankinmu, na ɗora ɗaya a kan ɗaya. Mabel, suka hau juna kamar faifai da bakin ƙwarya. Duk shekarar da damina ta yi rowa, ranin da ya biyo ramin ya yi zurfi, duk shekarar da ta yi kyauta, ya tsaya a gwiwa. Ba ki kuskure ko ɗaya ba. Daga nan mafita ta fito da kanta: a gina katangar yumɓu a ƙarƙashin yashi a wannan kwana, daga dutse zuwa dutse, ta tare ruwan da ke sulalewa, a sa rijiya da famfon hannu a bakin gaɓa, mata su daina shiga rami yashi yana zubo musu a ka.

Ranar kare aikin ban ɓoye komai ba. Na ɗaga takardarki da hannuna, na fassara musu ita layi-layi, har da na ƙarshen. Na gaya musu wadda ta rubuta, da abin da na faɗa mata a gaban jama'a, da kwana taran da muka yi muna haƙo ƙura. Sai farfesa ta sauke tabarau ta tambaye ni, da fuska a ɗaure, ko ma'aunin nan nawa bai ƙara tsawo ba cikin shekara goma sha biyu. Na ce ranki ya daɗe, ma'aunin ya daina girma tun yana shekara goma sha biyar, duk Nukkai shaida ce. Ɗaki ya fashe da dariya, ita ma ta yi har da share ido. Ki yafe mini wannan ma, gajeriyata, ki haɗa da sauran.

Mun zo na ɗaya! Cikin ashirin da huɗu, mu ne a sama, gaban mai bulo, gaban 'yar Masar. Na ce mu, don haka aka buga a bangon rahoton: Mabel Job da Tobiya Manga, naki a gaba. Farfesa ta ce a watan Janairu za ta turo mutum biyu su zo su gwada wurin tare da mu, kuma ta ce in gaya miki tana gaishe da abokiyar aikinta. Wace sarauniya ce aka taɓa aiko wa irin wannan gaisuwa daga bayan teku saboda ramin da ta tona da ƙoƙo? Ranar na yi tafiya a bakin ruwansu ina magana ni kaɗai da Hausa, Turawa suna kauce mini. Daɗin ya cika mini ƙirji, amma rabinsa ya rasa wurin zama, don mai shi ba ta kusa.

Yau da safe na kai wa Injiniya Elias rahoton. Ya juya shafuka, ya dawo bango, ya sa yatsa a kan sunanki ya ce: "Wannan Mabel ɗin, wace jami'a ta yi?" Na ce oga, malamar nan ce da na kora zuwa aji. Ya rufe rahoton. Can ya ce ashe mu biyu ne za mu je gaisuwa. Ranar Asabar da ƙarfe goma motar ofis za ta tsaya a ƙofar mai unguwa, za a kira duk waɗanda suke wurin a Fabrairu, babanki da Mama da matan zumunta. A gabansu na raina ki, a gabansu zan ce na yi kuskure, da bakina, da Hausar da kowa zai ji. Sannan oga zai roƙe ki ki nuna mana kwanar daga gaɓa, tunda yanzu kogi ya cika. Ke za ki shige gaba, ni ina baya da tef ɗin awo.

Amma ki ji ni da kyau, ya ke tauraruwar asubahina, kada ki ɗauka na zo sayen gafara da satifiket. Katangar nan za a gina ta ko kin yafe mini ko ba ki yafe ba. Sunanki yana kan rahoto, babu mai goge shi, ni ma ban isa ba. Zan tsaya ranar Asabar in faɗi abin da zan faɗa ko da ba ki ɗago kai kin dube ni ba, don haƙƙinki ne, ba toshi ba ne. Maganar zuciyata daban take, kuma ita ce ta hana ni cin abinci tun jiya. Ina sonki, Mabel. Ina sonki fiye da ranar da na fara ganinki, don a lokacin kyanki na gani, yanzu kuwa na san girman abin da na kusa zubarwa. Wata bakwai ke nan ban ji kin kira sunana ba. Mene ne amfanin zuwa na ɗaya a ƙasar wasu ga mutumin da ba a amsa sallamarsa a gida ɗaya tak da yake so?

Kawu Simeon ya zo tarona a tasha. Kafin ya tambayi hanya ya gaya mini babbar rigarsa tana rataye a goge tun Ista, kuma shi ba yaro ba ne da zai yi ta jira. Na ce ya ƙara haƙuri, ba zai taka ƙofar Malam Job ba sai da izinin mutum ɗaya. Ba na neman doguwar wasiƙa, na ga abin da alƙalaminki yake iya yi. Hajja za ta dawo kasuwa ranar Juma'a. Ki gaya mata ko dai Kawu ya zo, ko kada ya zo. In kin ce ya zo, duk Abbare za su ji muryata. In kin ce kada ya zo, zan sunkuyar da kai in yi aikin katangarki da hannuna har ya ƙare, in sake tambaya baɗi, in sake tambaya baɗin baɗaɗa, don ba ni da wata ƙofar da zan je.

Ubangiji ya kiyaye mini ke. Ki gaida Baba da Mama, in kin ga na cancanci a kai gaisuwata.

Naki a damina, naki a rani, naki har ranar da za a mayar da ni ƙasa,

Tobiya.