Igiyar Ruwa Ba Ma'aikaciyar Gwamnati Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Daraktan sashenmu na gine-ginen bakin teku, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne Injiniya Rabi'u Tanimu na ofishin ƙarƙashin matakala. Na biyo ta jarida ne domin cikin takardu ukun da na aiko maka, ɗaya na gan ta an ƙunshe ƙosai da ita.

An ɗora mini aikin lissafa yadda igiyar ruwa za ta fashe a jikin katangar duwatsun da za a gina gaban wani ƙauyen masunta. Kwamfuta ke yin aikin: ta yanka teku gida-gida kamar ramukan dara, ta bi kowane gida tana auna tashin ruwa da faɗuwarsa. Kwana huɗu take ɗauka ba tsayawa. In aka kashe ta, sai a koma farko. To, ga koke-kokena.

Na ɗaya. Soket ɗaya muke da shi, ni da shugabana Oga Sunday. Kullum da hantsi sai ya zare kwamfutar ya sa butar shayinsa. Sau biyar igiyata tana tasowa, saura ƙiris ta taɓa katanga, sai in ji ƙamshin citta. Da na yi magana, ya ce teku ba gudu zai yi ba, shi kuwa cikinsa ba ya jira.

Na biyu. Da Oga ya tafi hutu, lissafi ya kai kwana uku lafiya. Sai Mama Ladi mai shara ta ga shuɗin ruwa yana ambaliya a fuskar kwamfutar. Baiwar Allah ta kashe ta, ta kifa ta a kan tawul, ta kai ta rana. Ban ga laifinta ba. Duk ginin nan ita kaɗai ta taɓa nuna damuwa da aikina.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Da ƙyar na kammala, na nuna wa kwamiti. Kowa ya gani: igiya ta haura katangar, wata kuma ta zagayo ta ƙarshenta ta faɗa daidai inda masunta ke ɗaure kwale-kwalensu. Shugaban kwamiti ya cire tabarau ya ce, "Injiniya, rage mana ita. Baƙi za su zo, wannan abin kunya ne." Na ce, "Yallaɓai, igiyar ruwa ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, ba ta karɓar umarni." Washegari aka miƙo mini takardar gargaɗi, wai na raina na gaba da ni, kuma na goyi bayan ruwa.

Na huɗu. Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin teku ba. Babban ruwan da na sani shi ne wanda ke tare mu a hanyar Zuba in an yi mamako. Duk tafiyar da aka shirya zuwa bakin teku, direbobi da masu buga takarda sun je, ban da ni. Tsarabar da suka kawo mini ita ce ruwan gishiri a gorar lemo. Don in tabbatar kwamfuta ba ƙarya take mini ba, na cika bahon wankin maiɗakina a gidanmu na Tungan Maje, na jera bulo biyu, na kaɗa ruwa da faranti. Ruwan ya zagaya bulon kamar yadda lissafi ya nuna, ya kuma jiƙa garin tuwon da ta shanya. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A wannan zamani na farar hula, arziki ya buɗe, sababbin motoci sun cika harabar ofis har mai gadi ya rasa inda zai shimfiɗa tabarmar salla. Ban yi hassada ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne: a ba ni soket nawa ni kaɗai, a janye takardar gargaɗin, a sa sunana a tafiya ta gaba.

Amma ko duk an hana ni waɗannan, a ƙara wa katangar tsawo, a kuma miƙa ƙarshenta. Mutanen ƙauyen nan ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, sai ɗigon da na sa musu a taswira. Ina iya rage igiya a kwamfuta cikin minti ɗaya, kwamiti ya tafa mini. Wadda za ta zo musu da damina kuwa, ba ta san an yi taro ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya kare ka daga sharrin kwamiti, ya sa ka karanta wannan kafin ta isa wurin mai ƙosai na gaba da gidanku.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Injiniya Rabi'u Tanimu