Ƙwan Kazarka

Zuwa gare ka, inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyin randata, gwanin da bai taɓa duba aikinsa sau biyu ba,

Ka san ba na kuka a ofis. Jiya na yi, a gaban firinta, har mai shara ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mana.

Ka tuna rahoton safe, wanda sikirif ɗinka, 'yar manhajar nan da ka rubuta, yake turowa akwatin imel ɗina ni kaɗai? Wata bakwai yana ƙarewa da dogon layi na harafin o, uku nan, biyu can. Na ɗauka shirme ne. Kullum sai na leƙo teburinka in ce kazarka ta sake yin ƙwai, 'yan ofis su kwashe da dariya, kai kuma ka yi murmushi ka sunkuyar da kai. Ni mai digiri biyu, mai hango kuskuren kowa tun daga bakin ƙofa, ban ga fuskarka tana dushewa kamar wata a ƙarshen kwanakinsa ba.

Da ka ajiye aiki, aka ɗora mini sikirif ɗin. Jiya na buɗe shi don in share ƙwan. Na tarar ka zuba wani zane cikin ma'ajiyar da ka kira sako, sannan ka rubuta umarnin fito da shi, echo $sako, haka tsirara, babu alamar zance gaba da baya. Kai da ka koya mini cewa in babu su, kwamfuta za ta tattara duk tazara da duk sabon layi ta matse su zuwa gurbi ɗaya! Na sa su: echo "$sako". Sai ƙwan suka watse, kowanne ya koma mazauninsa, suka tashi manyan baƙaƙe masu layi biyar: ZA KI AURE NI?

Wayyo, sanyin idona. Fiye da sau ɗari ka tambaye ni. A fayil ɗinka zanen yana tsaye daram, don haka ka ɗauka na gani, ka ɗauka zancen kaza shi ne amsata. Wace irin zuciya ce take shan wannan kowace safiya, ta kuma kawo mini shayi? Me ya hana ka buɗe baki? Ni me ya hana ni buɗe fayil?

Ƙanwarka ta ce ranar Asabar za ka bar gari, kuma ka hana a ba ni sabuwar lambarka. Ita za ta kawo maka wannan takarda. Da hannu na rubuta, don na daina yarda da na'ura tsakanina da kai.

Eh. Zan aure ka. In amsar ta makara, ba zan ga laifinka ba. Ni ma da ni ce, da na tafi. Amma don Allah kada ka hau motar nan ba ka zo ka ji ta daga bakina ba.

Ban share komai ba. Gobe da ƙarfe takwas sikirif ɗin zai sake tambayata, jibi ma haka, kuma amsar ba za ta sauya ba.

Taka, ko ka dawo ko ba ka dawo ba,
Mai tsokanar kazarka