Hannuwan Inna a Bango

Fukuoka, ranar Lahadi

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Yaya Khiem ya ce kun dasa itatuwan ƙaro bayan bikin sabuwar shekara na Tet, kowa da nasa, amma kin bar ramina a buɗe. Ki dasa mini kawai, bana ma ba zan samu zuwa ba.

Lafiyata ƙalau. Sanyin masana'antar kifi ya ɗan farfasa mini hannu, ba komai.

Jiya ƙawata Thoa ta ja ni gidan adana zane-zane. Muka tarar da wani zanen ƙasarmu da aka yi da ƙaro, mutane sun yi cirko-cirko a gabansa. A ƙasansa an rubuta: ƙaron Phu Tho, wato na yankinmu. Na kai hanci kusa, yadda kike gwada ƙaro. Mai gadi ya taso.

Thoa ta ce, "Ke baƙauya, za ki sa a kore mu!"

Na ce, "A kora! Uwata ce ke tatso shi."

Inna, na taɓa cewa ki ɓoye hannuwanki da ƙaro ya baƙanta in za ki zo makarantarmu. Ki yafe mini. A nan layi ake bi a kalli aikinsu.

'Yarki,
Nhan