Lambar Tana Wayar Haliru

Yaya Bunyaminu,

Na wuce Kaoje, ban tashe ka ba. Jiya a Tsamiya, can bakin iyaka, na zauna haɗa sabuwar kwamfuta da rumbunmu na intanet, mai sunayen manoman da ruwa ya ci wa shinkafa. Ina buga umarnin shiga, ashe sabis ɗin ƙasar Benin wayata da ke ba kwamfutar intanet ta kama. Kamfanin rumbun ya ɗauka ɓarawo ne, ya rufe shi. Wai sai da lambar da aka tura layin ɗan'uwanmu Haliru, Allah ya jiƙansa, tunda shi ya buɗe.

Wayarsa tana akwatin Inna. Na kai bakin ƙofarta, na kasa. Kai ka roƙe ta, Juma'a za a miƙa sunayen.

Kada ka kunna a gabanta. Hotonsu ne shi da ita a fuskar wayar.

Shafa'atu