Yaya, Na Taɓa Saitin da Ka Bari

Zuwa ga yayana Aminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ne ƙaninka Nasiru, daga Badariya, nan Birnin Kebbi. Akwai abin da na yi ranar Asabar, kuma ban ga wanda zan faɗa wa ya gane ba sai kai.

Man motarka ya ƙare. Ina nufin jar motar tseren nan ta rimot, wadda ka ce a ba ni kana kwance a asibiti. Galan ɗaya da rabi ka bari. Na yi ta tattalinsa fiye da shekara, tanki ɗaya kowace Asabar, a masussukar shinkafar nan ta Zauro inda muka saba zuwa. Da na kira mutumin Abuja da kake saye a wurinsa, sai ya ce an daina shigo da irin naka. Ya aiko min da wani, ya ce sinadarin naitiron da ke cikinsa ya fi yawa, kashi ashirin maimakon sha shida, don haka dole in sake saita injin.

Ban bi maganarsa ba. Ka san ni tuƙi kawai na iya. Shekara shida kana tasowa daga Argungu saboda wasan nan, kai ke tsugunawa da sukudireba, ni kuwa ina tsaye da rimot ina mitar ka cika nawa. Allurai biyun da ke jikin kafireta, babbar mai ba da mai in ana gudu da ƙaramar ta tashi daga tsaye, suna nan yadda hannunka ya bar su. Ko ƙura nake gogewa, kewaye su nake yi.

Haka na zuba sabon man. A zagaye na uku kukan injin ya sirance ya koma tsuwwa, hayaƙi ya ɗauke, sai ta mutu a tsakiyar fili. Na ɗiga yawu a kan injin yadda kake yi, ya ƙafe nan take. Fulogi ya ƙone. Na zauna a ƙasa. Na san in fistin ya tafi ba inda zan samo wani. Masu dawowa daga fadama suna ta wucewa suna min sannu.

Mako biyu tana cikin kabad. Daga baya na ɗauke ta na tafi Argungu wurin matarka, Yaya Luba, ko ka bar wani abu a rubuce. Na bi ta gaban shagonka na gyaran janareta. Siminti ake sayarwa yanzu.

Ta ce ba ta taɓa ganin ka rubuta komai ba. Ta ɗauko min wani gwangwanin madara, ciki akwai fulogi uku da ƙaramin sukudirebanka mai ƙota naɗe da roba.

Bayan la'asar na zagaya filin da ke bayan katangarku. Na daɗe da sukudireba a kan babbar allura ban juya ba. Da na daure, sai na fara rufe ta a hankali ina ƙirgawa: juyi biyu da rabi, da ɗan ƙari. Na rubuta a murfin gwangwanin, don kada naka ya ɓace gaba ɗaya. Sannan na buɗe ta sosai, na sa sabon fulogi, na tayar da motar.

Ta yi ta tari, tana tofar da maiƙo, hayaƙi ya turnuƙe. Na tuna abin da kake cewa: "Kak ka yi gaugawa. Gara shi yi tari da shi yi tsuwwa." Na riƙa rufewa kaɗan-kaɗan, kamar tazarar awa ɗaya a fuskar agogo, in kai ta ƙarshen fili in dawo. Tarin ya ragu, gudu ya ƙaru. Amma inda zan tsaya ne ban sani ba. Ni duk kukan ɗaya nake ji.

Sai na ji murya daga bayan katanga.

"Nasiru, ka wuce. Nashi ya hi wanga kauri."

Yaya Luba ce. Ba ta taɓa fitowa kallo ba, ko sau ɗaya. Ashe duk shekarun nan da kake gwaji a wurin, tana tsakar gida tana ji. Na mayar da allurar baya kaɗan, na sake zagayawa. Ta ce da saura. Na ƙara. Motar ta wuce da siririn hayaƙi a bayanta, kukan ya cika, ba tari ba tsuwwa.

"Haka na," in ji ta.

Daga nan sai na ji ƙarar rufe ƙofar ɗaki.

Ƙaramar allurar ni kaɗai na ƙarasa. Na matse tiyon mai da yatsa ina ƙirga uku zuwa huɗu kafin injin ya mutu, yadda na sha ganin kana yi. Da zan tafi na tsaya a bakin ƙofa na yi mata sallama. Daga ciki ta amsa, murya a dishe. Ban matsa mata ba. Na kamo hanyar Birnin Kebbi, motar na kan kujerar gefe, duk cikin motata warin man nan.

Yaya, injinka ya tsira. Babbar allurar ta tsaya a juyi uku saura kaɗan, injin ba ya zafi, ba ya mutuwa. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, yanzu motar ta fi gudu a kan lokacin da kake nan. Na so in ji daɗin haka, na kasa. Saitin da ke jikinta ba naka ba ne kuma, kuma ni na sauya shi da hannuna. Ka yafe min, har da mitar da na riƙa yi maka kana tsugune cikin rana.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Yaya Luba haƙuri. Allah Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ƙaninka,
Nasiru