Majefin Waca

Yamai

Yaya Hindatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Baba da yara kuna lafiya. Takarda na rubuto don ba na son ki ji muryata a waya.

Sun kore ni daga ƙungiyar besbol. Wasa biyu kaɗai na yi. Aikina in jefa ƙwallo ta wuce mai riƙe da sanda bai taɓa ta ba. To ni a gonar Baba me na tashi ina jifa? Tsuntsu, akuya, duk abin da ya motsa. Wajen horo raga nake jifa, lafiya lau. Ranar wasa kuwa, mutum na motsa kafaɗa sai hannuna ya bi shi. Na farko a haƙarƙari na same shi. Na jiya muƙamuƙinsa ya karye, magidanci ne, 'yarsa na kallo. Mai horar da mu ya ce ni haɗari ne. Shi da ya zo har Waca yana yabon hannun nan, sai yau ya gani?

Ki ce wa Baba kafaɗata ce ta goce.

Ƙanenki, Habibu.

Waca

Habibu,

Muna lafiya, muna gaishe ka. Ba zan yi wa Baba ƙarya ba, kuma ba ni zan faɗa masa gaskiya a madadinka ba. Kullum yana gaban telen Manzo mai shayi yana cewa a juya tasha, ko za a nuno ka. Ka je ka duba mutumin a asibiti? Ka dawo gida.

Allah ya tsare. Yayarka, Hindatu.

Dungas

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je asibitin. Ba ya iya magana, hannu kawai ya miƙo mini. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na taho, amma a Dungas na tsaya, dako nake yi a kasuwa. Da wane ido zan shiga garin da aka raka ni tasha da kalangu? Kar ki faɗa wa kowa, kuma don Allah kar ki yi mini wa'azi.

Ki huta lafiya. Habibu.

Waca

Habibu,

Ina gaishe ka. Ba ni na faɗa ba. Baba ya kai wake kasuwar Dungas, ya gan ka da buhu a ka. Ya zaga ta bayan rumfar masu gishiri don kada ku haɗa ido, in ji wanda suka je tare. Da ya dawo, sai da ya gama cin tuwo, sannan ya ce in share ɗakinka.

Na share.

Yayarka, Hindatu.