Tari Biyu Kafin Amshi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Bayan haka, wani gidan rediyo yana son tarihin ƙungiyarmu ta kiɗan rok, 'Yan Haka Ne. Tarihin ma guda nawa yake? Wata bakwai muka yi, da jita biyu da ganga a garejin Dogo makanike, muna zolayar manya har maƙwabta su jefo mana takalmi. Kaset ɗaya ya rage, yana cikin akwatin ɗinkin Inna. Don Allah ki aiko mini.

Ƙaninki, Auta

Auta,

Muna lafiya, sai dai ƙafar Baba. Kaset yana nan, kuma ba zan aiko ba. Ka iya ba da labari, ka tuna takalmi ka manta waƙar. Kun yi wa masu gyaɗa wa manajan masaƙa kai waƙa, "haka ne, ranka ya daɗe", babu laifi. Amma wa ya sa ka yin tari biyu kafin amshi? Duk masaƙa ta san mai wannan tarin. Baba zai shiga ƙofa, leburori su bi shi da tari. Shekara ashirin da biyu yana kan injin, cikin sati guda ya ajiye aiki. Har yau raina a ɓace yake. So kake ya sake ji a rediyon da ke gefen gadonsa?

Yayarki dai

Yaya,

Ina gaishe ki, a duba mini Baba. Na daɗe ina cewa tarin nan kuskure ne. Ƙarya nake. Tun kafin Dogo ya buɗe gareji, ranar da aka kore shi daga masaƙa kan laifin da bai yi ba, ina tsaye Baba ya yi tari ya ce haka ne. Da gangan na sa tarin a waƙar. Da na ga abin da na jawo, ni na rushe ƙungiyar, na ce wa sauran muryata ce ta mutu. Shekara tara ke nan kunya ta hana ni taka gidan. Bar zancen kaset. Ki karanta masa wannan, ki tambaye shi ko in zo.

Auta

Auta,

Na karanta masa har ƙarshe. Ya yi tari biyu ya ce, "Haka ne." Na tambaye shi wanne daga ciki yake nufi. Sai kawai ya sa na share ɗakinka.

Ka huta lafiya,
Yaya